Maita da Doka

A ƙauyukan Fataskum, kamar sauran ƙasar Arewa, in yaro ya kwanta ciwo ya ambaci sunan wata tsohuwa, akan ce ita ta kama kurwarsa. Sai a jawo ta a sa ta tsallake shi, wani sa'i har da duka.

Dokar Final Kod ta 1959, a sashe na 216, ta ɗora laifi a kan wanda ya ce shi maye ne, da wanda ya kira wani maye, ɗauri har shekara 2 ko tara. Watau ba aikin alƙali ba ne ya gano ko maitar gaskiya ce.

To, malamai, zazzaɓi mai zafi kan sa yaro sambatu. In ɗalibinku ya soma kiran sunaye, ku kai shi asibiti tun unguwa ba ta ji ba.