Yadda Lissafi Ke Taimaka Wa Na'urar Numfashi Ta Karanci Huhun Majinyaci

A shekarar 1952, annobar shan inna ta ɓarke a Kopenhagen, babban birnin Denmak, ta shanye tsokokin numfashi na mutane da dama. Wani likita mai suna Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaron majinyata, a riƙa tura musu iska da jakar roba. Haka ɗaliban likitanci suka yi ta karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakar da hannu. Yau na'urar numfashi, wato bentileta, ita ke wannan aiki, kuma abin da ya maye gurbin hannun ɗalibin shi ne manhaja da lissafi.

Injiniyoyi suna ɗaukar huhu tamkar balan-balan da aka ɗaura a bakin tiyo. Kafin iska ta shiga, sai ta ci ƙarfin abu biyu: ƙuncin tiyon da taurin balan-balan ɗin. Saboda haka matsin da na'ura za ta bayar shi ne wanda zai tura iska ta cikin tiyon, haɗe da wanda zai buɗe balan-balan ɗin, haɗe da ɗan matsin da ake bari a ciki don kada huhu ya lotse. Na'urar tana auna matsi da gudun iska a kowane numfashi, daga nan ta lissafo taurin huhun da ƙuncin hanyarsa. Huhu na gaske ya fi haka sarƙaƙiya nesa ba kusa ba, amma wannan ɗan misali yana aiki.

Idan aka ninka ƙuncin hanya da laushin huhu, ana samun lokaci. Misali, ƙunci 10 sau laushi 0.05 ya ba da rabin daƙiƙa. Huhu na buƙatar ninki uku na wannan, wato daƙiƙa ɗaya da rabi, kafin ya fitar da kusan kashi 95 cikin 100 na iskar. In na'ura ta yi gaggawar turo sabuwa kafin tsohuwa ta fita, iska za ta riƙa taruwa a ƙirji, har hawan jinin majinyaci ya faɗi.

Yawan iskar ma abin lura ne. A shekarar 2000, wani bincike a Amurka kan majinyata 861 masu mummunan raunin huhu ya gwada mililita 12 da mililita 6 a kan kowane kilo. Mace-mace sun kai kusan kashi 40 a rukunin farko, kashi 31 a na biyu. Kuma kilon nan ba na sikeli ba ne, daga tsayi ake lissafo shi, domin ƙiba ba ta ƙara girman huhu. Namiji mai tsayin santimita 170 ana ɗaukarsa kilo 66, iskarsa kusan mililita 400.

Duk wanda wayarsa ke rage hasken fuska da kanta a cikin duhu ya san tsarin: a auna, a gyara, a sake aunawa. Haka manhajar ASV ta kamfanin Hamilton Medical na Siwizalan ke yi, tana zaɓar yawan numfashi bisa lissafin Otis na 1950, wanda ke neman inda aikin numfashi ya fi sauƙi. SmartCare ta kamfanin Dräger na Jamus kuwa tana rage tallafi sannu a hankali, ta sanar da likita idan majinyaci ya kusa iya numfashi da kansa. Likita ne dai ke yanke hukuncin cire bututun.

Raunin tsarin yana wajen aunawa. Wasu na'urorin suna daidaita oksijin bisa ɗan abin nan da ake maƙala wa a yatsa, mai aiki da haske. Binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya gano cewa abin yana nuna lamba mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa a jini, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata kusan ninki uku fiye da farare. Idan lambar da ta shiga manhaja ba daidai ba ce, manhajar za ta ga babu buƙatar ƙara oksijin. Shi ya sa ake ɗibar jini daga jijiya a auna shi kai tsaye don tabbatarwa.