Yadda ake rainon furanni a baranda a Paris da Lyon

Mutumin Maraɗi ko Kano da ya saba da faffaɗar tsakar gida, inda lalle da zogale ke girma ba sai an wahala ba, idan zama ya kai shi Paris ko Lyon sai ya tarar lambunsa duka baranda ce mai taku biyu a hawa na huɗu. Wurin ya isa a raini furanni, muddin an gane cewa a gida ruwan sama ne ke faɗa wa manomi lokacin shuka, a Faransa kuwa sanyi ne mai faɗa a ji.

Kafin a kashe ko sisi, a lura da rana. Barandar da ke fuskantar kudu ko yamma tana shan rana sosai, ita ce ta dace da furen wardi da géranium da lavande. Wadda ke fuskantar arewa inuwa ta fi yawa a cikinta, nan sai bégonia da fuchsia da hortensia. A kuma duba dokar zaman gidan, domin a gine-gine da yawa ana so a rataye akwatin fure ta cikin shingen ƙarfe, ba ta waje ba. Idan tukunya ta faɗo wa wani a ka, mai ita ne zai amsa.

Sai haƙuri. Tun watan Afrilu shagunan Truffaut da Jardiland ke cika da furanni, haka ma tsohuwar kasuwar furanni ta tsibirin Cité a tsakiyar Paris, wadda aka raɗa wa sunan Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 2014. Ido zai so, amma masu lambun Faransa ba sa barin tsiro mai rauni ya kwana waje sai ranakun 11, 12 da 13 ga Mayu sun wuce, kwanakin da suke kira Saints de glace, saboda sanyin dare na iya dawowa ya ƙone ganye. Kada kuma a sako iri ko dashe daga gida a cikin jaka: tun Disamba 2019 Tarayyar Turai ke neman takardar shaidar lafiyar tsiro daga matafiyi.

Ga mai farawa, ban ga abin da ya kai géranium ba. Asalinsa daga Afirka ta Kudu ne, yana jure rana, yana yafe wa mai mantuwa. A samu tukunya mai huda a ƙasa, a zuba 'yan dunƙulen yumɓun da ake sayarwa da sunan billes d'argile kamar kaurin yatsa biyu, a bi da ƙasar buhu, wato terreau. A jiƙa saiwar, a dasa da tazarar santimita 20 zuwa 25, a danna ƙasar da hannu, a ba shi ruwa har ya fito ta ƙasa.

Wardi ya fi neman hidima, amma wanda ke Lyon bai kamata ya tsallake shi ba. A garin ne Jean-Baptiste Guillot ya fitar da wardin La France a 1867, Joseph Pernet-Ducher kuma ya fitar da Soleil d'Or a 1900. Mai son zaɓe ya je lambun wardi na Parc de la Tête d'Or a watan Yuni, ko na Bagatelle idan a Paris yake, ya shinshina, ya rubuta sunan da ke jikin allon wanda ya kwanta masa. Sannan ya jira Nuwamba, lokacin da ake sayar da wardi da saiwa tsirara, da araha. Tukunyarsa ta kai zurfin santimita 40 zuwa 50, ƙullin da aka yi auren reshe a wurin ya zauna daidai bakin ƙasa. A watan Maris a datse rassan, a bar ido uku zuwa biyar a kowanne, a cire matattu.

Ban ruwa shi ne inda aka fi yin ɓarna, kuma da yawansa ake kashe fure, ba da ƙarancinsa ba. A tura yatsa cikin ƙasa. Idan da danshi a bari. A zuba a gindi, kada a jiƙa ganyen wardi, don jiƙa shi ke jawo baƙin tabo. Ruwan famfon Paris yana da farar ƙasa da yawa, hortensia ba ta son sa, gara a tara mata ruwan sama. Lokacin tsananin zafi, irin na 25 ga Yuli 2019 da Paris ta kai digiri 42.6, a yi ban ruwa da asuba ko bayan magariba. Farantin da ke ƙarƙashin tukunya kuwa a cika shi da yashi, domin sauro mai zane, moustique tigre, ya zauna daram a garuruwan biyu, kuma ɗan ruwan da ya kwanta ya ishe shi yin ƙwai.

Daga Mayu zuwa Satumba a riƙa sa takin ruwa duk mako biyu, a riƙa tsinke furen da ya bushe don sabo ya fito. Idan darɓa ta kama ƙananan rassa, a narka baƙin sabulu, savon noir, a fesa da yamma. Tun 1 ga Janairu 2019 doka ta hana masu lambun gida amfani da magungunan ƙwari na sinadari. Mai ƙananan yara ya guji furen laurier-rose, duk jikinsa guba ne.

A ƙarshen Agusta a yanki reshen géranium mai tsawon santimita 10, a cire ganyen ƙasa, a soke shi cikin ƙasa mai yashi; cikin makonni kaɗan zai yi saiwa, an samu dashen baɗi kyauta. Kafin sanyin farko, wajen ƙarshen Oktoba, a shigar da géranium wuri mai haske da sanyi-sanyi, digiri 5 zuwa 10, nesa da na'urar ɗumama ɗaki, a rage masa ruwa ƙwarai. Wardi zai iya kwana waje, sai dai a ɗaga tukunyarsa kan katako, a naɗe ta da farin mayafin voile d'hivernage don kada saiwar ta daskare.