Darasi na Goma Sha Huɗu: Ina Ruwan Kwata Yake Zuwa?

Ya kai ɗalibi, da safe ka yi wanka, ka wanke kwanuka, ka zubar da ruwan. Daga nan ruwan ya bi kwata, kwata ta kai shi lambatu, lambatu kuma ya kai shi rafi ko kogi. A Ibadan, rafin Ogunpa ne yake kwashe da yawa daga cikin wannan ruwa. A birnin Kano kuwa, akwai kogin Jakara wanda ya ratsa tsohon gari ta kusa da kasuwar Kurmi.

Kogi yana iya tsabtace kansa idan ƙazantar kaɗan ce. A cikin ruwa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke cinye ragowar abinci da bayan gida, amma suna amfani da iskar oksijin wajen yin haka. Idan ƙazanta ta yi yawa, ƙwayoyin sukan hayayyafa har su shanye iskar da ke cikin ruwan. Sai kifaye su mutu, ruwan ya yi baƙi, ya riƙa wari. Irin wannan ruwa shi ne kuma yake yaɗa kwalara da taifot. A shekarar 1854, wani likita a Landan mai suna John Snow ya gano cewa masu kwalara a wata unguwa daga famfo ɗaya suke ɗiban ruwa.

Saboda haka ne ake gina matatar ruwan kwata, kamar ta Wupa da ke Abuja. Da farko ruwan yakan bi ta cikin ragar ƙarfe wadda take tare leda da tsumma da robobi. Sannan a bar shi a manyan tankuna, yashi da laka su kwanta a ƙasa. Mataki na gaba shi ne zuciyar aikin. Ana hura iska cikin ruwan da injuna, domin ƙwayoyin nan su sami oksijin su cinye sauran dattin. Ka lura, aikin da kogi yake yi ne aka kawo cikin tanki, aka hanzarta shi, don kada kogin ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa. Daga ƙarshe sai a kashe ƙwayoyin cuta da sinadarin kulorin ko da wani haske na musamman, a saki ruwan. Lakar da ta rage kuwa, akan busar da ita a yi taki.

Ruwan masana'antu ya fi wuyar sha'ani. A Kano akwai kamfanonin jima a Challawa da Sharaɗa da Bompai, kuma ana jeme fata da wani sinadari mai suna kuromiyam. Ƙwayoyin halitta ba sa iya cinye shi, yakan zauna cikin laka da ƙasa shekara da shekaru. Ga shi kuma manoman rani suna ban ruwan latas da alayyafo da ruwan Jakara. A ganina, bai kamata kamfani ya saki ko ɗigo ɗaya ba kafin ya tace shi a harabarsa. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana cikin masu alhakin tabbatar da haka.

Abin ba a Kano yake tsayawa ba. Kogin Challawa yana haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, wanda ruwansa yake shiga Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Chadi.

Ma'anar kalmomi
Kwata: ƙaramar hanyar da ruwan datti yake bi ya fita daga gida.
Lambatu: babbar kwata ta gefen titi.
Jima: gyaran fata don ta yi laushi, kada ta ruɓe.

Tambayoyi
1. Me ya sa kifaye suke mutuwa a gurɓataccen kogi?
2. Don me ake hura iska cikin tankin matata?
3. Bi sawun kwatar makarantarku, ka rubuta jimloli biyar a kan inda ruwanta yake ƙarewa.