Ba kowane ciwon ciki ne olsa ba

Aikina a asibiti ɗaukar hoton ciki ne. Da yawa daga cikin waɗanda likita ke turo mini sun riga sun yanke hukunci tun daga gida cewa olsa ke damunsu, sun yi wata da watanni suna shan farin maganin ruwan nan na kemis. Sai in ɗora na'ura a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, in ce su ja numfashi su riƙe. Maɗaciya takan fito baƙa a allo, a cikinta ga wani abu fari fat da inuwa a bayansa. In suka juya ta hagu, sai ya gangara. Tsakuwa ce.

Maɗaciya 'yar jaka ce da ke maƙale a ƙarƙashin hanta. Hanta ke haɗa ruwan nan mai ɗaci, ita kuma ta ajiye shi, idan abinci mai maiƙo ya sauka hanji sai ta matse ta tura shi ya narkar da kitsen. A cikin ruwan akwai kolestarol, wanda ba ya narkewa sai da taimakon gishirin ɗacin da wani maiƙo mai suna lesitin. A 1968 masu bincike biyu a Boston ta Amurka, Admirand da Small, suka nuna cewa da zarar kolestarol ya fi ƙarfin waɗannan biyun, sai ya fara daskarewa, kamar sukarin da ya yi wa shayi yawa ya kwanta a gindin kofi. Idan kuma jakar ba ta matsewa sosai, 'yan ƙwayoyin sukan samu sararin haɗuwa, a hankali su zama tsakuwa.

Shi ya sa abin ya fi kama mata, musamman masu yawan haihuwa: juna biyu yana ƙara kolestarol a ruwan, yana kuma sa jakar kasala. Ƙiba da ciwon sukari suna jawo shi, haka ma rage ƙiba da gaggawa ta hanyar horon kai da yunwa. Akwai gado a ciki; a 2007 masu bincike a Jamus suka gano hannun wata ƙwayar halitta mai suna ABCG8.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne masu sikila. Jar ƙwayar jinin mai lafiya takan rayu kusan kwana 120, ta mai sikila kuwa 10 zuwa 20. Sinadarin da ke fitowa daga matattun ƙwayoyin, wanda ke sa ido rawaya, yakan taru a maɗaciya ya zama baƙar tsakuwa. Ina ganinta a cikin yaran da ko sakandare ba su gama ba. Yaro yana murƙususu, iyaye suna cewa ciwonsa ne ya tashi, alhali wannan dabam ne, kuma yana da magani.

Ciwon yana da kamanninsa. Yakan taso bayan cin soyayyen nama ko tuwo da man shanu, sau da yawa da dare, ya tokare saman ciki ta dama, ya harba zuwa kafaɗa ko tsakiyar baya, da tashin zuciya, ya yi rabin awa ko 'yan awoyi ya lafa. Idan ya wuce awa 6, ko zazzaɓi ya shigo, ko ido ya yi rawaya fitsari ya yi duhu, to tsakuwar ta toshe hanya. Wannan ba ciwon shawarar da ake yi wa jiƙo ba ne, a tafi asibiti a daren.

Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu tsakuwar ba sa jin komai, kuma galibi ba a taɓa su. Wadda ta fara ciwo kuwa, maganinta cire jakar baki ɗaya. Tun 1882 aka fara wannan tiyata a Berlin, daga 1985 kuma aka fara yin ta ta 'yan ƙananan huji, kuma mutum yana rayuwarsa lafiya lau ba maɗaciya. Man zaitun da lemon tsami da ake yaɗawa a WhatsApp ba sa fitar da ita. Koren dunƙulen da ake gani a bayan gida man ne ya daskare a hanji.

'Yan uwa, wanda ya ga alamun nan ya nemi likita ya rubuta masa hoton ciki, ya zo da safe bai ci komai ba na aƙalla awa 6, don maɗaciyar ta cika ta fito sosai.