Kokwanton Magini a Matsayin Ɓangaren Fasaha: Darasi daga Yaama da Dandaji

1.0 Gabatarwa

Yawancin nazarce-nazarcen ginin Hausawa sun fi karkata ga kammalallen gini: zanko da tulluwa da bakan gizo da adon bango. Wannan muƙala ta waiwayi abin da ke gabanin kammalawa, wato kokwanto da sauya shawara da magini ke yi yana tsakar aiki.

2.0 Masallacin Yaama

A shekarar 1962 Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a na Yaama, a jihar Tawa ta Nijar, da tubali da ƙasa. Sigar farko mai sauƙi ce. A 1975, da aka tashi gyaran rufi, sai ya shigo da baka da tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya ɗaga hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta daban. Shekara ashirin ginin yana sauya kama, kuma a 1986 ya sami lambar yabo ta Aga Khan. Wannan ya nuna cewa tsarin ginin ya riƙa tsiruwa ne a hannun magini, gwargwadon ƙarfin ƙasa da azara da buƙatar jama'a.

3.0 Daga Dandaji zuwa Ɗakin Nuni

Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa, aka kammala a 2018. A baje kolin zanen gine-gine na birnin Benis, a Italiya, a 2023, Mariam ta girka wani aiki a ɗakin nuni mai taken hanyar aiki: zane-zanen hannu a jikin bango da ƙananan samfuran gine-gine. Mai kallo yana shiga cikin aikin, yana bin sawun tunanin mai zane tun kafin ya zama gini.

4.0 Kammalawa

Mai zanen zamani yana da takarda da ɗakin nuni da za su adana gwaje-gwajensa. Maginin gargajiya kuwa sabon yaɓe ne ke rufe nasa, sauran su tafi tare da shi. Yayin da bulo da kwano ke maye gurbin soro a Riruwai da Tudun Wada da Kiru da Bebeji, ya wajaba manazarta su zauna da dattawan magina, su naɗi bayanin abin da suka gwada suka rushe, da dalilin rushewar.