Darasi na 9: Ana Kukan Targaɗe Sai Ga Karaya (Tsofaffin Mata a Ƙungiyar Asusu)

Lokaci: Awa ɗaya da rabi, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: Kwando biyu, duwatsu bakwai masu ɗan nauyi, da takardar dokokin ƙungiya.

Manufar darasi

A ƙarshen zaman nan ana so kowace mace:

1. Ta gane cewa ba tsufa kaɗai ke mayar da mace gefe ba, matsaloli ne ke hawa kan juna har su durƙusar da ita.
2. Ta duba dokokin ƙungiyarmu ta ga inda suke rufe wa tsofaffi ƙofa.
3. Ta sa baki a shawarar gyaran da za a yanke yau.

Ga jagorar darasi: Kafin ki fara, ki zaunar da tsofaffi kusa da ke. Ki fuskance su in kina magana, ki ɗaga murya ba tare da tsawa ba. Kada ki kama sunan kowa ki yi misali da ita, ko tana wurin ko ba ta nan.

Kashi na ɗaya: Gaisuwa daban, shawara daban

'Yan'uwa mata, mu ba sai an koya mana girmama na gaba ba. Muna durƙusawa mu gaishe su. Ba ma kiran sunansu gatsal, sai dai Inna, Gwaggo, Iya. Wannan tarbiyya ce mai kyau, Allah Ya bar mu da ita.

To amma mu ɗan yi lissafi. A cikinmu nan, mata nawa ne suka haura shekara 60? Cikin masu riƙe da makullan akwati uku, akwai tsohuwa? A zagayen da ya wuce, tsofaffi nawa suka karɓi rance? In muka ƙirga sau da yawa za mu tarar gaisuwar ce kawai muke ba su, amma kuɗi da shawara mun riƙe a hannunmu.

Ku saurari irin maganganun da ke fitowa daga bakinmu: "Ta tsufa, me za ta yi da rance?" "Ta ci zamaninta, tana neman cin na wasu." "Bar ta kawai, ba za ta gane ba." Wannan shi ne rainin tsufa, wato a yanke wa mutum hukunci da shekarunsa ba a duba abin da zai iya ba. Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa mutum ɗaya cikin kowane biyu a duniya yana yi wa tsofaffi irin wannan kallo.

Kada a haɗa shi da wasan jika da kaka. Wancan wasa ne, kakar ma tana ramawa, a yi dariya a tashi. Raini kuwa shi ne wanda in an gama, tsohuwa ta koma gida hannu wofi.

Kashi na biyu: Wasan duwatsu

*Jagora ta fito da mata biyu masu ƙarfi, ta ba kowace kwando. Ta ce mu ɗauka su biyun tsofaffi ne, kowace shekararta 65.*

Ta farko tana ɗakinta, mijinta na da rai, ɗanta na kasuwanci a Funtuwa yana yi mata aike, idonta garau. A sa mata dutse ɗaya: tsufa.

Ta biyu ita ma a sa mata dutsen tsufa. Daga nan a riƙa ƙara mata ɗaya bayan ɗaya, ana bayani.

Dutse na biyu: mutuwar miji. Ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, sana'arta ta tsaya, jarin ya tafi a cefane. Sai maganar gado. A shari'ar Musulunci matar mamaci tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, in mijin ya bar 'ya'ya. In bai bari ba tana da rubu'i, ɗaya cikin huɗu. Misali, in abin da ya rage bayan an biya bashi da wasiyya ya kai naira 800,000 kuma akwai 'ya'ya, tumuni 100,000 ne, in matan biyu ne kowace ta ɗauki 50,000. Uwa ma tana da sudusi, ɗaya cikin shida, a dukiyar ɗanta da ya rasu ya bar 'ya'ya. Amma sau nawa ake barin gona shekara da shekaru ba a raba ba, maza na nomawa, tsohuwa na jiran a sammata? Wadda ba ta haihu a gidan ba kuwa, wani lokaci ko ɗakin ba a bar mata.

Dutse na uku: gudun hijira. Wannan ba sai an ba mutanen Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara labari ba. Mun san abin da ya faru a Kadisau a watan Yuni na 2020. Da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara a Disambar wannan shekara, duniya duka ta ji, kuma ya cancanta ta ji. Amma wa ke ƙirga tsofaffin da ba su iya gudu ba, ko waɗanda suka iso Mairuwa da Funtuwa da ƙafa a kumbure? Tsohuwar da ta baro ƙauyensu ta baro gayaunarta, da awakinta, da bishiyar ɗorawar da take samun kalwa. Ta kuma baro mutanen da suka san ita wace ce. A can ita ce ungozoma, ita ake kira wankan jego da sasanta ma'aurata. A nan sunanta 'yar gudun hijira. Galibi kuma ba ita kaɗai ba ce, tana jaye da jikoki marayu.

Dutse na huɗu: lalurar jiki. Yanar ido, nauyin kunne, ciwon gwiwa, hawan jini. Ranar rabon kayan tallafi, mai ƙarfi ke kutsawa gaba. Wadda ba ta jin kiran suna, ko ba ta iya tsayuwar awa uku a rana, sai ta dawo da buhu wofi.

Dutse na biyar: rashin takarda da waya. Yau tallafin gwamnati da na ƙungiyoyi da yawa sai da lambar NIN, da asusun banki ko layin waya. Tsohuwar da ta shekara hamsin tana daka da surfe, wani lokaci zanen yatsunta ya shafe, na'ura ta ƙi ɗauka. Ku tuna watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da namu uku. Wadda ke rayuwa da aiken ɗanta na Legas ko Abuja, hanyar ta toshe. Ku tuna kuma canjin kuɗi a farkon 2023. Wa ya fi shan wuya? Wadda 'yan kuɗinta ke ƙulle a bakin zane ko cikin tukunya, ba ta taɓa shiga banki ba.

Dutse na shida: zargi. Tsohuwa mai 'ya'ya da dukiya in ta fara ruɗewa, sai a ce gigin tsufa ne, a lallaɓa ta. Matalauciya marar kowa in ta yi irin wannan ruɗewa, tana magana ita kaɗai ko tana fita da dare, sai a ce mayya ce, yara su bi ta da jifa. Ciwo ɗaya ne, na ƙwaƙwalwa, gata ne ya bambanta. Haka tsohuwar Bafulatana da ta shekara talatin tana kawo mana nono, yau wasu na yi mata kallon 'yar leƙen asirin ɓarayin daji, alhali ita ma an kore mata shanu. Haka wadda addininta ko asalinta ya bambanta da na yawancin gari.

*Yanzu jagora ta ce su biyun su taka zuwa wurin akwati. Ta tambaya: shekarunsu ɗaya, me ya sa tafiyarsu ba ɗaya ba?*

Abin lura shi ne duwatsun nan ba zaman kansu suke ba, ɗaya ke jawo ɗaya. Ido ya hana ta zuwa wurin rajista. Rashin rajista ya hana sunanta shiga jerin masu tallafi. Rashin tallafi ya hana ta kuɗin motar zuwa asibiti a duba idon. Kun ga an dawo inda aka fara. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Amma akwai abin farin ciki a ciki: tun da a sarƙe suke, in aka cire ɗaya sauran ma sukan sassauta.

Kashi na uku: Kada ƙungiyarmu ta zama dutse na bakwai

Gwamnati ta san da maganar. A Janairun 2018 aka sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, a 2021 kuma aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Sai dai fansho galibi na waɗanda suka yi aikin albashi ne, mai daddawa da mai ƙuli-ƙuli ba kasafai suke ciki ba. Kafin na Abuja ya iso, abin da ke kusa da tsohuwar Mairuwa shi ne akwatin nan namu.

Irin wannan asusu da muke yi a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar ya samo asali, a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara shi da sunan Mata Masu Dubara. An gina shi ne a kan adashen iyayenmu, domin matan da banki ba ya kallo. To ashe abin kunya ne mu ma mu koma muna tace mata irin tacewar banki.

A karanto dokokinmu, a auna kowace da tsohuwar nan mai duwatsu shida:

- Kuɗin hannun jari. In hannu ɗaya naira 1,000 ne, mun kore ta tun daga bakin ƙofa. In 200 ne, mai hali ta sayi hannu biyar, ita ta sayi ɗaya. Naira 200 duk mako, a mako 52 ta tara 10,400.
- Tarar makara da fashi. Mai ciwon gwiwa da mai lalaci ba ɗaya ba ne.
- Wurin taro. Akwai nisa? Sai an tsallaka kwalta ko rafi?
- Mai tsaya wa mai rance. In doka ta ce sai miji ko ɗa, gwauruwa marar ɗa fa?
- Sharaɗin zama 'yar gari. Wadda hijira ta kawo, shekara nawa za ta yi kafin ta zama tamu?

Akwai tsoron da ba a cika faɗi a fili ba: "In ta mutu da bashinmu fa?" Tambaya ce mai kyau, amma mutuwa ba ta duba shekaru. Maganinta doka ɗaya ce da za ta hau kan kowa: kowace mace ta faɗi magajinta a rubuta a littafinta, rance kada ya wuce ninki uku na abin da ta tara, kuma a amince tun farkon zagaye yadda za a yi da bashin wadda ta rasu.

Kuma ba alfarma za mu yi musu ba. Tsohuwa ce ke shiga gida-gida da kayan dillanci inda matan kulle ba sa fita. Ita ta san daddawar da ba ta lalacewa, da yadda ake adana iri har damina. In rigima ta tashi ranar rabo, muryarta ce ke kashe wutar.

Kashi na huɗu: Shawarar da za mu yanke yau

A zaɓi aƙalla uku, a kaɗa ƙuri'a, magatakarda ta rubuta:

1. A rage kuɗin hannu ɗaya a zagaye mai zuwa yadda mafi ƙarancin hali za ta iya.
2. A yafe tara ga mai lalurar jiki da mai takaba, a yarda ta aiko amintacciyarta da zubi.
3. A karanta wa kowace mace lissafinta da baki a gaban jama'a, ta maimaita, don kada a cuci wadda ba ta gani ko ba ta karatu.
4. A ba tsohuwa ɗaya makulli ko kujera a kwamiti.
5. Asusun taimakon juna ya riƙa ɗaukar kuɗin motar asibiti. Yanar ido ana cire ta da ɗan ƙaramin aiki, mutum ya koma gani. A fara da asibiti mafi kusa, su za su tura gaba.
6. A naɗa mata biyu masu raka tsofaffi wurin rajistar NIN da wurin rabon tallafi. Kada kowa ya riƙe wa tsohuwa katinta ko lambar sirrinta ba da yardarta ba.
7. In an hana wata gadonta, ko an jefe ta da maita, ƙungiya ta raka ta wurin liman ko mai unguwa. In abin ya faskara, a je gaban alƙali.

Tambayoyin tattaunawa

1. Cikin duwatsun nan, wanne ya fi yawa a unguwarmu? Akwai wanda ba a ambata ba?
2. Tsoho namiji da tsohuwa mace, ina nauyinsu ya haɗu, ina ya rabu?
3. Tsofaffin cikinmu su faɗa da bakinsu, sauran su yi shiru: me ƙungiya ke yi da ke ɓata muku rai?
4. Ke da kike da ƙarfi yau, wace doka za ki so ki tarar ranar da kika kai shekara 70?

Aikin gida

Kafin zama na gaba, ku kasu biyu-biyu. Kowane biyu su ziyarci tsohuwa ɗaya da ba ta cikin kowace ƙungiya, musamman baƙuwa. Kada ku je da alkawari. Ku gaishe ta, ku tambaye ta sana'ar da ta iya da abin da ya hana ta shigowa, ku kawo mana amsarta ba tare da sunanta ba, sai in ita ta yarda.

Abin riƙewa

Ba mu da ikon sauke wa tsohuwa duk duwatsunta. Amma na bakwai a hannunmu yake, kada mu ɗora mata shi. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma tabarmar da muka shimfiɗa musu yau, ita za mu tarar in Allah Ya ja kwananmu.