Hoton Biza da Ɓarnar Masu "Gyara"

Hoton da ake ɗorawa a fom ɗin neman biza ta intanet na'ura ce take fara auna shi kafin idon ma'aikaci ya kai kansa, kuma abin da take nema shi ne fuskar da za a iya kwatanta ta da ta mutumin da zai tsaya a gaban taga ranar ganawa. A fom ɗin DS-160, wanda mai neman bizar karatu ko ta ziyara zuwa Amurka yake cikewa, an gindaya cewa hoton ya kasance mai launi, tsawonsa daidai da faɗinsa, kada ya gaza fiksel 600 ta kowane gefe, kada kuma ya haura 1,200, fiksel kuwa shi ne ƙwayar ɗigon da tarinsu ke haɗuwa su ba da hoto a fuskar kwamfuta. Dole ya zama nau'in JPEG, nauyinsa kada ya wuce kilobayit 240, a ɗauke shi cikin wata shida da suka gabata a gaban farin bango marar zane, sannan kai, daga haɓa zuwa tsakar ka, ya cinye kashi 50 zuwa 69 cikin ɗari na tsawon hoton. Tun 1 ga Nuwamba 2016 aka daina karɓar hoton mai tabarau, sai wanda yake da takardar likita.

Duk da bayyanar waɗannan sharuɗɗa, a 'yan shekarun baya an kawo wa wani shagon ɗaukar hoto a unguwar Bolari wani aiki wanda har yau ambatonsa yana ɓata wa masu shagon rai. Wani matashi ɗan unguwar, wanda ya gama digirinsa na farko kuma ya samu gurbin karatun digiri na biyu a Amurka, ya kai cike fom ɗinsa wani shagon intanet a cikin gari, da aka zo wurin hoto sai yaron shagon ya ce ya turo duk wanda yake da shi a waya. Ya tura masa ta WhatsApp wani hoton Sallah da ya shekara biyu, yana sanye da hula da tabarau, ga labulen falo a bayansa. Yaron ya sa manhaja ya goge labulen, ya yanke hular ya shafa baƙi a gurbinta da sunan gashi, ya kankare tabarau, ya haska fatar, da ya ga tsawon hoton ya fi faɗinsa kuma sai ya ja shi ta gefe har ya cika ma'auni. Sau uku shafin yana ƙin karɓa, a na huɗu ya tsallake wurin ya ƙarasa fom ɗin, takardar tabbatarwa ta fito da alamar X a inda fuska ya kamata ta kasance. Da matashin ya tambayi dalili, amsar da ya samu ita ce, "Ba komai, sabis ne," aka kuma wanke masa wannan hoton a takarda ya sa a aljihu.

Alamar X ɗin ma'anarta hoto bai shiga ba, kuma wajibi ne mai nema ya zo da wankakken hoto mai inci biyu ta kowane gefe wanda ya cika ƙa'ida. Matashin ya bi ta Bauchi da Jos ya kwana a Abuja, da safe ya miƙa hotonsa a ofishin jakadanci, aka dubi hoton aka dube shi, aka mayar masa aka ce ya kawo wani. Ya fita neman mai hoto a garin da bai sani ba, babu waya a hannunsa tunda ba a shiga da ita, kafin ya dawo lokacinsa ya shige, ranar da ya sake samu kuwa ta faɗo bayan an fara karatu, don haka makarantar ta ɗage masa zuwa zango na gaba.

Bayan ya dawo gida, da aka buɗe hoton a kwamfutar shagon Bolari aka ƙara girmansa, sai ga kunnen hagu manhaja ta cinye rabinsa tare da labule, muƙamuƙi ya baje kamar na wani mutum dabam, gefen idanu ya dagule inda aka kankare tabarau, abin da ya fi ciwo kuma shi ne tsagar gadon da ke kumatunsa ta ɓace ƙaƙaf, alhali ita ce alama ta farko da mai dubawa zai nema. Sabon hoton da aka ɗaukar masa bai ci minti goma ba.

Ba a gyara fuska. Ba a jan hoto ta gefe, yanke shi ake yi. Wanda bai san ma'anar alamar da ta fito a takardar mutum ba, ba shi da hurumin karɓar kuɗin cike masa fom.

Su ma masu zuwa ɗaukar hoto suna da nasu laifin, domin da wuya a wuni ba a samu wanda zai ce a ɗan haska shi ko a share masa tabo ba, idan aka ƙi kuma ya tafi inda za a yi masa. Gaskiya ne baƙar fata a gaban farin bango tana rikita kyamara, hasken bangon ya rinjaye ta fuska ta fito duhu, amma maganin wannan a wurin ɗauka yake, ta hanyar haska fuskar daidai ta ɓangarori biyu da matsar da mutum gaba kaɗan don kada inuwarsa ta faɗa a bango, ba a hannun manhajar da ke mayar da baƙi wankan tarwaɗa ba. Hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannu ma ba ya yi, saboda kusancin kyamara yana kumbura hanci ya janye kunnuwa baya. WhatsApp kuma yana matse hoto ya rage masa ƙwari idan ba a tura shi a matsayin takarda ba, kuma ɗaukar hoton wani hoto da waya aikin banza ne.

Mata ba a hana su hijabi ba, tunda an yarda da rufe kai na addini da aka saba sawa kullum, sharaɗin dai fuska ta fito duka daga goshi zuwa haɓa ba tare da inuwa ba, sai dai farin hijabi a farin bango yakan narke da shi, shi ya sa ake shawartar a zo da mai duhu. Hular ado a cire ta, kayan sarki ma haka. Ma'aunin wata ƙasa kuma ba ya aiki a wata, wanda ya dace da Amurka ba lallai ne ya dace da Indiya ko Saudiyya ba, ballantana ɗan guntun hoton da aka ɗauka don jarrabawar JAMB. Akwai kuma masu karɓar kuɗin mutane da sunan hoton cacar bizar Amurka, alhali tun daga zagayen DV-2015 aka cire haifaffun Najeriya daga cikinta, kuma irin waɗannan shagunan sukan riƙe hoton mutum da kwafin fasfonsa a kwamfutarsu bayan ya tafi.